Katin firjin Dauran

Shekarun baya, lokacin ina gyaran kwamfuta a Kaura Namoda, abokina ne ke kula da firjin allurar rigakafi na wasu ƙananan asibitoci a ƙauyukan Zurmi da Shinkafi. Kowane firji yana da 'yar na'ura mai auna sanyi, in ya fara ɗumi ta tura saƙo a waya. Matsalarta ɗaya: duk awon da ta yi sai ta ajiye shi a fayil na kansa, kafin wata ya zagayo katin ajiyarta ya cika ta sandare. Dole abokina ya hau babur ya je ya share.

Kun dai san yadda hanyoyinmu suka zama saboda 'yan bindiga. Duk ranar da zai je Dauran ko Katuru, mahaifiyarsa ba ta iya cin abinci sai ya dawo. Ni ma ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji. An nemi manyan katuna, na'urar ta ƙi karɓa. Kamfanin da ya ƙera ta kuwa ya daɗe da rufewa, manhajar awon a kulle, ba mai taɓa ta.

Wata rana ya jefo mini katin a kan tebur ya ce, "Kai da kake zamne kullum kana danne-danne, duba muna wanga abu mana."

Na duba, sai takaici ya kama ni. Kowane fayil layi ɗaya ne na rubutu, amma an ba shi babban gurbi shi kaɗai, kamar a gina rumbu don tiya ɗaya ta gero. Ga kuma ɗan gurbin bayani da kowane fayil ke da shi, inda ake rubuta girmansa da lokacinsa da inda aka ajiye shi, rabinsa wayam. Na ce to me zai hana a cusa layin nan a cikin gurbin bayanin, a huta? Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba, manyan kwamfutoci sun daɗe da ita. Sai dai kanal ɗin na'urar, wato zuciyar manhajar da ke rubutu a kati, tsoho ne, bai san da zancen ba. Sa'ar da muka yi, shi kanal ɗin a buɗe yake, ana iya gyara shi.

Na ce wa abokina mako ɗaya ya ishe ni. Damina ta shigo ta fita ina nan. Gwajin farko na kira shi da fankama ya zo ya gani, muka buɗe fayilolin, duk babu komai a ciki. Na koya wa kanal ɗin rubutawa, na manta ban koya masa karantawa ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Wurin da ya fi ba ni wuya shi ne in fayil ya girma ya fi ƙarfin gurbin, dole a kwashe shi zuwa babban wuri, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiyar kwasar kada a rasa komai. Na yi ta fizge waya daga soket ina mayarwa, har maƙwabcina mai ɗinki ya leƙo ya tambaya ko lafiya nake.

Ranar da abokina zai kai katunan da na ɗora wa gyararren kanal ɗin, ya tsaya da babur a ƙofar shagona, babu wasa a fuskarsa. Ya ce, "Aboki, ka tabbata? In abin ga ya lalace, allurar yara ta ɓaci, kuma ni za ni komawa hanyar, ba kai ba."

Na ce, "Na tabbata, da izinin Allah." Ya tafi, ya dawo lafiya.

Wata ya cika, saƙo bai yanke ba. Wani watan ya bi. Na riƙa duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Sai da shekara ta kusa zagayowa kafin katin farko ya nemi shara, ita ma sharar abokina ya haɗa ta da zuwan da yake yi na duba batir.

Mahaifiyarsa ta aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Ɗana, mi ka yi ma ƙarfen nan?" Na fara zuba bayanin gurbi da fayil, ta ɗaga hannu. "Bari, ban ganewa. Ni dai na ga shina kwana gida. Allah shi yi ma albarka."

Na yi ayyuka da suka fi wannan girma daga baya, wasu har da takardar yabo. Amma in aka tambaye ni wanne nake alfahari da shi, wannan nake faɗa ba tare da kunya ba. Gyaran bai fi shafi kaɗan ba, babu mai ganinsa, babu sunana a jiki. Abokina dai yana nan da ransa, ya yi tumbi, 'ya'yansa suna ce mini Baba.