Rigar da Na Wanke

A gidanmu na Baure, in an gama tuwo lokacin sanyi, Iya, kakata ta wajen uba, takan zauna bakin murhu mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta da wasa, wanda ya yi gyangyaɗi ya sha ranƙwashi. Tatsuniya takan yi ta sama-sama. Amma akwai labari guda da sai ta gyara kallabi kafin ta fara, ta ce, "Wannan ba tatsuniya ba ce. Kada in ji wata ta ce ta zo mu ji ta."

Labarin Annabi Yakubu ne da ɗansa Yusufu: yadda 'yan'uwa suka jefa yaron a rijiya, fatake suka tsince shi suka sayar a Masar, uba ya yi ta kuka har idonsa ya rufe. Shekaru suka shuɗe. Ran nan yana zaune sai ya ce yana jin ƙanshin Yusufu, alhali rigar ɗan tana can tafe cikin ayari. Nan Iya ke tsayawa kullum.

"Iya, sun haɗu?"

"Ke Rabi, kin cika garaje. Allah ba ya sauri, ba ya kuma mantuwa. Tashi ki kwanta."

Sai da na yi wayo na gane dalili. Baffa Sale, ɗanta na fari, ya tafi Makka a ƙasa tun ba a haife ni ba, ba shi ba labarinsa. Ɗan fari kuwa ba a faɗin sunansa, ba a yi masa kuka a gaban mutane. Duk kukan da kunya ta hana ta, a bakin Yakubu take zuba shi.

Wata rana ta tafi gidan suna, na shiga share mata ɗaki. Cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa, na tarar da wata tsohuwar taguwa ta saƙi, wuyanta baƙi ƙirin da gumi. Na ce bari in yi abin kirki. Na sa sabulun salo na dirje ta tas, na shanya.

Da ta dawo ta hango ta a kan igiya, sai ta tsaya cak. Na miƙa kai ina jiran ranƙwashi. Da ma ta yi. Ta ciro rigar ta kai hanci, ta juya ta, ta sake kaiwa. Can ta ce, "Ta fita, Rabi. Kin iya wanki." Ranar ba a yi hira ba. Ashe rigar Baffa Sale ce, ƙanshinsa na wanke. Tun daga nan rigar ba ta koma kwalla ba, ita ce matashin kanta har ta rasu.

Damina biyu bayan rasuwarta Baffa Sale ya yi sallama a ƙofar gida, gemu fari fat. Babanmu ya ɗauko rigar ya miƙa masa. Baffa ya kifa fuska a cikinta, ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Man shanu da hayaƙi. Wallahi Iya ce."

Yau ni ce a bakin murhu, a cikin Daura. Habu ɗana ya bi motar Agadas zai shiga Libiya shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, har yanzu shiru. Maƙwabciyata Maman Ngozi, wadda mijinta ke sayar da kayan gyaran mota, ta ce labarin Yakubu yana cikin littafinsu su ma, wai tsohon ya ƙi a yi masa ta'aziyya sam. Na ce mata na san irinsa, Iya ce da ta rene ni.

Na daɗe ina jin haushin daminar nan biyu. Me zai ragu in an ba Iya su? Yanzu na bar tambaya, ba don na samu amsa ba. Rigar Habu tana cikin kwallata, na kuma gaya wa jikokina wadda ta kai ta kusa da ruwa sai na ɓalla mata hannu. Amma bana na fara sa ta ƙarƙashin kaina. Ko ya zo in ji ƙanshinsa, ko ya zo ya ji nawa. Ba ni ke zaɓa ba.