Baba Habu ya fito daga rijiya da ransa

Da safiyar nan ina shan koko labari ya iske ni: Baba Habu, maƙwabcina mai lambu, ya faɗa rijiya.

Na fita da takalmi wari nawa, wari na uwargida. A hanya har na fara tsara abin da zan rubuta a nan, irin yabon da muke ajiye wa mutum sai ya mutu.

Alhamdu lillahi, da ransa aka fito da shi. Ƙafa ce ta karye. Fari ya sa ruwa ya ja baya, shi ne dattijo mai jikoki ya shiga yasar rijiya da kansa, igiya ta tsinke.

Tunda na riga na tsara, bari in faɗa yana ji.

Da aka rufe iyaka, damina kuma ta yi gardama, miyar gidana ta koma ruwa da gishiri. Sojoji na jawabi a rediyo, ni ina yi wa iyali sharhi, tumatir kuwa bai saurari kowa ba.

Baba Habu ne ya ja ni kasuwa bayan la'asar. "Ɗan boko, da safe masu hali ke saye. Bari masu kawo tumatir daga ƙauyen Dungu su fara ɗaure kaya, ba mai son komawa da kwando." Muka kwaso tumatirin da ya yi laushi, ya nuna mini yadda ake yanka shi a shanya. Kauɗar nan ta kai mu har bazara.

Ya ba ni irin zogale da yakuwa. Na ce, "Baba, ruwan sha ma saye muke."

Ya ce, "Ba ka alwala? Yi ta a gindinsu."

Na yi dariya. Yau zogalen ya wuce katangata.

Ɗazu na same shi a asibiti. Ban gama sannu ba ya katse ni: "Wa ya rufe ƙofar lambu? Awaki!"

Ba wanda ya rufe. Na koma a guje.

Baba, in an karanta maka wannan: akuya ɗaya ce ta shiga, salak kawai ta ci, wanda dama kake cewa abincin 'yan boko ne. Alwalar azahar a gindin tattasanka na yi.

Allah ya ɗora ƙafar nan daidai, ya dawo mana da ruwa. Ku sa shi a addu'a don Allah, ku haɗa da Allah ya hana shi sake shiga rijiya, don mu ba ya jin maganarmu.