Rufin Kwano Ya Koma Ciyawa

Jama'a, yau na ga abin da ya kashe mini jiki!

An aike ni wani ƙauye gaban Kucheri in rubuta gidaje masu rufin kwano a littafi, domin da harajinsu za a gyara rijiyar garin. Na tarar an lulluɓe kowane rufi da ciyawa! Wai ɗan takarar kansila ne ya ba su shawarar.

Na ce wa mai unguwa, "Baba, wannan ha'inci ne. Gaskiya zan rubuta."

Sai ya miƙo mini ƙwaryar ruwan rijiyar, jawur da laka.

"Rubuta, Malam. Amma fara shan wanga tukuna, shi harajin bara ya saya muna."

Na sha. Har na iso Gusau ban iya buɗe littafin ba.