Kyanwar da Ta Ci Tunkiya

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, bai taɓa amsa cewa kyanwar tasa ce ba. In baƙo ya gan ta kwance a kan buzun sallarsa ya ce, "Alhaji, kyanwarka ce?" sai ya ce, "Ta gida ce. Ɓeraye take kama mana." Duk mun san rabonta da kama ɓera an daɗe, amma ba mai tanka masa.

Tare da buhunan masara ta zo mana, shekarar da muka tare a gidanmu na Tirwun, lokacin unguwar duk gonaki ce da kangwaye. Wani abokin Baffa ne ya aiko da hatsi daga Zungur, ana saukewa daga mota sai ga wata 'yar mitsitsiyar aba ruwan toka ta fito daga tsakanin buhuna tana atishawa. Ina sakandare a lokacin. Na gama karatu, na yi aure, na haihu, na fara koyarwa, ita tana nan. Ba mu raɗa mata suna ba. "Mus" ake ce mata, ta zo in ta ga dama.

A ruga aka haifi Baffa. Ya yi kiwo har gwiwoyinsa suka fara ƙi, sannan ya damƙa wa yayana, Hamma, garken a wajen Gubi, shi kuma ya zauna gari da 'yan tumakinsa a bayan gida. Ba ya wasa da dabba kuma ba ya shagwaɓa ta. In saniya ta kwanta ciwo, zai duba ta, in ta magani ce a yi, in ba ta tashi ba ce a kira mahauci tun tana da sauran nama. Haka na tashi na gan shi.

Wata bazara kyanwar ta fara zama a bakin randa. Ta sha ruwa, ta koma ta sake sha, abinci kuwa sai ta sansana ta juya. Ta rame har ƙashin bayanta ya fito, gashinta ya cukurkuɗe. Na je gida ranar Asabar na tarar da Baffa a tsugune yana taɓa cikinta da yatsu, yana buɗe bakinta yana duba dasashi, kamar yadda yake yi wa maraƙi.

"Auta," ya ce, "wancan asibitin dabbobin, suna duba irin wannan?"

Na ce ban sani ba, amma za mu iya gwadawa.

Inna, mahaifiyarmu, tana tankaɗe a ƙofar kicin. Ta ɗago ta ce, "Asibiti? Ni da ƙafata ta kumbura bara, man zafi ka sayo mini a kemis."

"Ke ai kin iya faɗin inda yake miki ciwo," in ji Baffa.

Muka sa ta a kwandon wanki, muka rufe da tsohon zani, muka tari keke. Mai keken ya ji kuka daga cikin kwando, ya waigo, ya dubi Baffa da babbar rigarsa, ya mai da kansa gaba. Amma ina ganin kafaɗunsa suna motsi har muka isa.

Wajen likitar kuwa duk masu raguna ne da masu gidan kaji, da wani mutum riƙe da igiyar ƙaton kare. Wani dattijo ya leƙa kwandonmu ya ce, "Alhaji, ta waje ce? Irin masu tsadar nan?" Baffa ya ce, "Ta Zungur ce." Aka kwashe da dariya, har da mai kare.

Likitar matashiya ce, ba Bahaushiya ba, amma a Bauchi ta girma, Hausarta irin ta kasuwa ce mai gudu. Ta ɗora kyanwar a tebur, ta ja fatar wuyanta ta saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ta ce sai an ɗebi jini an kai gwaji. Da muka koma bayan sakamako ya fito, ta zaunar da Baffa a kujerarta, ita ta tsaya.

"Baba, wannan kyanwa ya tsufa. Ƙodansa ya gaji."

"Mace ce, Likita."

"To, ta tsufa," ta gyara tana murmushi. "Ba zan yaudare ka ba, ƙoda ba ta komawa. Abin da za mu iya, mu sa ta ji daɗin abin da ya rage mata."

Ta lissafa mana: ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata lokaci-lokaci, maganin amai, maganin ciwo, da wani abincin gwangwani na masu ciwon ƙoda wanda sai an yi saƙonsa daga Jos. Sannan ta faɗi kuɗin. Na dubi Baffa. Na san a ransa ya riga ya juya adadin ya koma dabba, don shi da dabba yake auna komai, har kuɗin makarantarmu da 'yan maruƙa yake tuna shi.

A hanya, da muka kusa gida, ya ce, "Kin ga abin da ya bambanta ta da saniya? Saniya in ta gaza, akwai wuƙa, akwai nama, akwai fata. Wannan duk abin da ka zuba, ka zuba ke nan."

"To a bari, Baffa?"

"Wa ya ce a bari? Lissafi nake yi."

Ranar kasuwa ya sa aka kai wata tunkiyarsa jar wuya, aka sayar. Labari ya kai wa Hamma a Gubi, washegari sai ga shi a kan babur, ko gaisuwa bai gama ba ya fara.

"Baffa, tunkiya mai haihuwar tagwaye? Saboda kyanwa? Ni da nake roƙon ka kuɗin rigakafin shanu kana cewa in yi haƙuri?"

"Tunkiyarka ce?"

"A'a, amma…"

"To zauna ka sha fura."

Inna ta miƙo masa kwanon tana cewa, "Bar shi, ɗana. Duk garin nan mu kaɗai ne kyanwarmu ta ci tunkiya guda, har da ƙaho." Hamma ya so ya ci gaba da fushi, dariya ta hana shi.

Gwangwanayen suka iso daga Jos, da hoton wata kyanwa fara tas a jiki. Baffa ya buɗe ɗaya da kansa, ya juye a murfin kwano, muka kewaye ta muna jira kamar masu kallon amarya. Ta zo, ta sansana, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta koma bakin randa. Kafin mu ankara agwagin Inna sun yi kansa sun share murfin tas. Aka gwada washegari, haka. Agwagin dai sun yi ƙyalli a wannan watan, har maƙwabta suna tambayar Inna me take ba su.

Abin da ta yarda ta ci, Inna ce ta gano shi: ɗanyen kifi a dafa ba gishiri ba magi, a murje tsokar a cikin ruwansa. Likita ta ce ba shi ne ya fi dacewa da ƙoda ba, amma tunda shi take ci, a ba ta kaɗan-kaɗan. Inna mai mitar man zafi ita ce ta dinga aika a sayo kifi, tana tsince ƙaya da yatsu tana faɗa: "Ni da na aurar da 'ya'ya, yau ga ni ina yi wa kyanwa girki."

Zuwa asibiti a keke ya fara fin ƙarfinmu, ga kuɗin mota ga wahalar da ita, sai likita ta koya mana ƙarin ruwan a gida. Baffa ya ce wannan ai aikinsa ne, ya yi wa bijimai allura ba adadi. Ya rataye ledar ruwan a ƙusar da yake rataye hula, ya kama fatar wuyanta, ya kai allura kusa, sai hannun ya tsaya.

"Fatar ba kauri," ya ce. "Auta, zo ki yi, ni in riƙe ta."

Haka muka raba aikin. In na tashi daga makaranta na biya, ni allura, shi riƙo, yana yi mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa saniya lokacin tatsa. Bayan kowane ƙarin ruwa takan ɗan farfaɗo. Har ta koma hawa katanga da hantsi tana kallon masu wucewa, wata rana ma ta mari ƙaramin ɗana da ya ja mata wutsiya, Baffa ya yi ta murna kamar an yi masa albishir.

Ta ga farkon damina. Daga nan ruwan ya daina yi mata aiki. Ta bar katanga, ta bar kifi, in ta tashi ƙafafun baya su harɗe. Baffa ya kira likita a waya ya ce akwai wata tunkiyar, a faɗa masa abin da za a ƙara.

"Baba, riƙe tunkiyarka," ta ce. "In na karɓi kuɗinka yanzu na cuce ka. Saura abu ɗaya, allurar da za ta yi barci ba ta farka ba. Ba ta da tsada kamar sauran, amma ita ce mai nauyi. Ka yi shawara."

Baffa yana da amini, malami ne ɗan cikin gari, da suke zaman hira a zaure bayan la'asar. Baffa ya kai masa maganar. Malam ya shafa gemu ya ce shekarunsa nawa ana kawo masa tambayar gado da ta aure, ba a taɓa kawo masa ta kyanwa ba. Ya nemi a ba shi lokaci ya duba. Da ya dawo ya ce malamai ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, amma shi abin da ya natsu da shi, in masani ya tabbatar ba waraka, kuma azaba ce kawai ta rage, to sauƙaƙa mata tausayi ne. Baffa ya ce zai jira ya gani. Bai jima yana jira ba. Ranar da ta fara wani siririn kuka in an taɓa ta, ya ce in kira likita.

Da yamma ta zo, bayan ta tashi aiki. A zaure aka yi, kyanwar tana kan cinyar Baffa. Ba ta ko motsa ba. Ya ci gaba da shafa ta bayan likita ta ce an gama, mu kuma muka ba shi wuri. Likitar ta karɓi kuɗin allura ta ƙi na mota, Inna ta bi ta har ƙofa da ƙwaryar kindirmo da ƙwan agwagi, ta ce wannan kam ba a ƙin sa.

Hamma ne ya haƙa ramin a gindin mangwaro. Ba wanda ya kira shi, a waya na faɗa masa kawai, sai ga shi da fartanya ɗaure a bayan babur. Ya haƙa da zurfi, ya ce saboda karnukan unguwa, ya ɗora dutse a kai.

Muna zaune a tsakar gida kowa ya yi jugum, sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta faɗo da salati, mayafi a hannu. Jikarta ce ta gaya mata ta ga likita ta fito daga gidan Alhaji, kuma an ce tsohuwar gidan ta cika. Ta zo za ta wuce Inna ta shiga ɗaki, sai ta tsaya cak, ta ƙura mata ido.

"Hajiya! Ke ce?"

"Ni ce. Wa kike nema?"

"To wace tsohuwar ce ta rasu?"

Hamma ne ya fara fashewa, ni na bi. Inna ta kama haɓa tana cewa, "Wato har kin kashe ni kin taho cin gumba?" Tsohuwar ta zauna daɓas a tabarma tana haki, da aka yi mata bayani ta juya wajen Baffa, ta rasa me ake cewa a irin wannan, can ta ce, "To, Alhaji, Allah Ya ba da haƙuri… na kyanwa."

Baffa ya amsa da amin da gaske. Sannan dariyar ta kama shi shi ma, ya yi ta yi yana goge ido da hannun riga. Da ta lafa ya ce wa Inna in akwai sauran tuwo a zubo, a zuba wa baƙuwa ma, tunda ta riga ta zo gaisuwa.