Gindi Biyu Suka Rage a Lambun Goggo Munawwara

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 4 ga Fabrairu 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran yayar mahaifina, Goggo Munawwara, a gidanta da ke Sundimina, bayan jinyar kwana tara.

Goggo, ke kika fara shuka farin kabeji a unguwarmu. Da ɗanki Iliyasu ya kawo miki irin daga Jos, dariya aka yi miki, wai abin ƙasar sanyi ne. Shekarar farko zafi ya ƙone shi, sai gindi uku. Ba ki ci su ba, kika bari suka yi fure kika ɗebi iri. Shekara bakwai kina zaɓen masu jure ranarmu, har kika samu irin da babu shi a kowace kasuwa. Duk kaka kina raba wa mata dashe kyauta, har daga Kiyako ake aikowa. Ke kika koya mini rufe kansa da ganyensa don kada rana ta ɓata farinsa, kina tsokanata: "Sassauta, ba itace kike ɗaurewa ba."

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar sadakar uku wuri ya yi wa masu gaisuwa kaɗan, ni da bakina na ce a share gefen lambu a shimfiɗa tabarmi. Na ga waɗansu daga cikin kabejin sun yi tsawo da fure rawaya, na ɗauka sun lalace, na sa aka tuge aka ba awaki. Maƙwabciyarki Khuzaima ce ta riƙe hannun mai tugewar, ta ce, "Ai na iri ne waɗannan." Cikin goma sha ɗaya, biyu suka tsira. Na buɗe gwangwanin da kike adana iri, babu ko ƙwaya, kin rabar.

Yanzu sanyi yana janyewa, kwanson irin gindi biyun kuwa bai ƙosa ba. Ban san yawan ruwan da suke so ba, ban san ranar cira ba, ban taɓa tambayarki ba. Mata suna tambayata a hankali ko za a samu dashe bana. Ina cewa in Allah Ya so.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa abin da kika ciyar ya zame miki sadaka mai gudana. Iliyasu da ƙannensa, Allah Ya ba ku haƙuri, ni kuma ku yafe mini. Ya Allah, Ka jinkirta mana zafin bana, ko da mako uku ne.