Ranar da Aka Ce An Ɗauke Lawwali

Duk wanda ya saba bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ya san rumfar Goggo Hamida, ko bai san sunanta ba ya san ƙamshin ƙulinta. 'Yar Pauwa ce, aure ya kawo ta Sheme gidan Malam Abdulƙarim tela. Ta haifi 'ya'ya biyu, duka suka koma tun suna goye, daga nan haihuwa ta tsaya mata. Da matar ƙanenta Nasir ta rasu ta bar yaro ɗan yaye, Goggo ta je Pauwa ta'aziyya, ta dawo da shi a bayanta. Shi ne Lawwali.

Mijinta ya rasu Lawwali yana firamare. Ya daɗe yana jinya, ranar da abin ya faru ta fita sayo gyaɗa, ta dawo ta tarar da yayansa a zaure, ya ce mata Malam ya huta. Ta yi hamdala, ta shige ciki tana sanɗa don kada ta tashe shi daga barci. Sai da ta ga an lulluɓe shi har fuska sannan ta gane irin hutun da ake nufi. Da kaskon suya da turmi ta riƙe gidan, da su ta kai Lawwali har ya gama makarantar koyon aikin lafiya. Ya dawo da takardarsa ya zauna yana noma gonar marigayi, aiki shiru.

A shekarar da aka katse layukan waya a yankinsu saboda 'yan bindiga, wajen ƙarshen damina, Lawwali ya ji ana neman ma'aikatan asibiti a Katsina, ya shirya ya tafi. Lokacin kowa a tsorace yake da hanya. Kalmar ɗauka ma ta sake fuska a bakin mutane. Da can in an ce za a ɗauki wance, amarya ake nufi, mata su kama guɗa. Yanzu kuwa in aka ce an ɗauke wane, sai kowa ya dubi wajen daji.

Kwana kaɗan da tafiyarsa, da hantsi, Goggo tana tsaka da suya a gida, maƙwabciyarta Shafa'atu ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce Hadi direba ne ya wuce da fasinja zuwa Funtuwa, bai tsaya ba, ya dai rage gudu ya ɗaga murya ya bar wa mai rake saƙo, mai rake ya gaya wa mijinta.

"Goggo, ki yi haƙuri. Wai Lawwali an ɗauke shi."

Goggo ta juya ga kaskonta. Ta tsame sauran ƙulin daga mai ɗaya bayan ɗaya, ta janye itacen, ta yayyafa wa garwashin ruwa, sannan ta zauna a kan turmi. Ta tambaya a ina, Shafa'atu ta ce ba ta sani ba. Yaushe, ba ta sani ba. Iyakar abin da ya iso ke nan.

Kafin azahar gida ya cika da mata 'yan jaje. Kowace ta zo da labarin wani nata da aka taɓa ɗauka ya dawo, masu labarin waɗanda ba su dawo ba suka yi shiru. A zaure liman da dattawan unguwa suna shawara. Ba waya balle a jira kiran mutanen daji, don haka wasu suka ce a fara neman mai sayen gonar tun da wuri, wasu suka ce a aika Pauwa a sanar da mahaifinsa. Goggo ta aika musu cewa gona a sayar in ta kama, amma kada a tayar wa Nasir da hankali, hawan jini gare shi, a bari sai ta ga Hadi da idonta.

Da la'asar surutun ya ishe ta, ta ɗauki bokiti ta zaga kududdufin bayan gida kamar mai ɗiban ruwa. Ruwan ya kwanta luf. Ta ga tsamiyar bakin kududdufin a ciki kanta a ƙasa, gajimare a ƙarƙashin ƙafarta, ga wata tsohuwa da bokiti tana kallonta daga can ciki. A nan ta yi kukanta inda ba mai ba ta haƙuri, ta wanke fuska ta koma gida da bokitin ko rabi bai kai ba.

Washegari tun da sassafe ta shimfiɗa tabarma a rumfarta ta bakin hanya, ba tire ba kwalaben mai. Duk motar da ta fito daga wajen Funtuwa sai ta miƙe. Rana ta ɗaga sosai kafin motar Hadi ta ɓullo. Ta tare ta da hannu biyu. Hadi ya taka birki, ya leƙo da fuska a washe yana cewa ai ko ba ta tare shi ba, zai tsaya, don yau sai ta ba shi tukuici.

Goggo ta dafa ƙofar motar ta dube shi. "Tukuicin mi, ɗan nan? A ina aka ɗauke mani yaro?"

"A Katsina mana, Goggo. Ni da shi muka haɗu a tasha, sunanshi ya fito. An ɗauke shi aiki. Ya ce in gaya maki zai ƙara kwana biyu don ana cike-ciken takardu."

Ta ce ya sake faɗa. Ya sake. Ta ce ya faɗa a hankali, ya haɗa da kalmar ƙarshen nan. Da ya ce aiki, sai ta zauna a gefen kwalta tana dariya hawaye na zuba. Fasinjoji suka firfito suna tambayar lafiya. Hadi da ya fahimci abin da saƙonsa ya jawo, ya cire hula ya durƙusa yana rantsuwa cewa ya faɗi aiki, ƙarar injin ce ta cinye shi. Mai rake kuma ya rantse bai ji ba. Goggo ta ce ba ta riƙe kowa ba, su bar gardamar haka.

Labari ya riga ta isa gida. Matan da suka zo jaje jiya su ne suka dawo barka, suka zauna a kan tabarmin da ba a ma naɗe ba. Liman ya yi addu'a ta godiya, ya haɗa da waɗanda har yanzu nasu suna hannun mutanen daji, don a cikin masu barkar akwai wadda ɗanta bai dawo ba. Goggo ta matsa kusa da ita ta riƙe hannunta har aka shafa.

Lawwali ya iso bayan kwana biyu, ya sha mamakin yadda unguwa ta fito tarbarsa. An tura shi wani ƙaramin asibiti a wajen Sabuwa, yana can har yanzu yana yi wa yara rigakafi, ya yi aure, matarsa ta haifi mace aka sa mata Hamida. Goggo ta ƙi barin Sheme duk da ya roƙe ta. Ƙarfin matsar mai ya ragu, Shafa'atu ce ke taya ta yanzu, amma suyar ƙuli ba ta yarda kowa ya taɓa mata. Ran Juma'a in hanya ta yi kyau Lawwali kan zo da iyalinsa, su yini, su koma kafin la'asar da leda cike da ƙuli mai zafi.