Takin da ya ƙone tumatirin Kawu Ilu

Shekara tara ke nan da muka rufe Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata, a ƙauyenmu da ke gefen Bunkure. Duk rani in aka fara dashen tumatir sai ya faɗo mini a rai, kuma kunya ce take fara zuwa kafin kewa.

A lokacin ina koyar da aikin gona a wata sakandare a Kura. Mukan rarraba 'yan aji biyar gonakin mutane su yi mako shida, ni kuma ina bin su a babur ina duba aiki ina ba da maki. Shida na kai wa Kawu. Ya karɓe su hannu bibbiyu, yana tsokanata wai Malam ya kawo masa masu noma da biro.

Mako biyu bayan dashe, takardar tsarinmu ta ce a zuba takin zamani. Kawu ya ce a dakata, ruwan magudana ya ja baya, kuma ya ji za a rufe ta a yashe. Taki a busasshiyar ƙasa wuta ne, in ji shi. Ni kuwa so nake in cike takarda in wuce gona ta gaba. A gaban yara na ce masa noman zamani ba da jita-jita ake yin sa ba. Ya dube ni. Gonarsa ce, amma bai so ya ƙaryata ni gaban ɗalibaina ba. Aka zuba.

Kwana takwas ruwa bai zo ba. Da na koma na tarar tumatir ya ƙone ƙurmus, yara sun yi cirko-cirko suna kallona. Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, "Malaminku ya faɗi daidai, 'ya'yana. Ni na cika muku hannu wajen awo." Na san ba haka ba ne, na yi shiru. Ranin nan ko kwando ɗaya bai kai kasuwa ba, kuma har ya bar duniya bai tayar mini da zancen ba. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Yanzu manoma da dama na da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, ba sa jiran magudana. Da yana nan da ya yaba, sannan ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya ji damshinta kafin ya yarda da injin.

Bara a Garun Mallam na je taron manoma. Mai jawabi, Sani, ɗaya ne daga cikin shidan nan, yanzu malamin gona ne. Yana gargaɗi kan taki sai ya kawo labarin wani tsoho da rashin sanin awo ya sa ya ƙone gonarsa. Aka yi dariya. Ya juyo ya ce, "Ko ba haka aka yi ba, Malam?" Na gyaɗa kai.

Kawu bai bar dukiya ba. Sunansa na gwanin manomi ya bari, shi ma ya ba ni aronsa na rufa asirina, na bari ana yi masa dariya a bainar jama'a. Sani, da ku sauran biyar: awon Kawu daidai ne. Ya ce a jira ruwa, ni na ce a zuba. Allah Ya jiƙansa.